Ƙarfe Tsakanin Madubi Biyu: Shin Talaka Yana da Haƙƙin Mamaki?

A makarantar da nake koyarwa a Madarunfa muna da wata ƴar ƙungiya ta masu son harshen Hausa, malamai huɗu da ɗalibai kamar ashirin. Mukan haɗu ranar Laraba da yamma, mu ɗauki shafi ɗaya na Faransanci mu yi ta kokawa da shi har ya koma Hausa. Mun taɓa fassara takardar faɗakarwa kan zazzaɓin cizon sauro, mun kuma fassara tarihin sarakunan Katsina da suka kafa Maraɗi. Wata rana cikin hunturu, abokin aikina mai koyar da fizik ya shigo da shafin wata mujallar kimiyya, ya ajiye mini bisa tebur yana murmushi, ya ce: "Malam, kullum kana cewa babu abin da Hausa ba za ta iya faɗa ba. To, bismilla."

Shafin yana magana ne kan wasu masana a Jamus da Faransa waɗanda suke kulle haske tsakanin madubi biyu tare da ɗan ƙarfen da ido ba ya iya gani, don su ga yadda za su yi da juna. Mun ci rabin sa'a ba mu wuce layi uku ba. Can sai wata ɗaliba, ɗiyar masunci, ta ɗaga hannu ta ce: "Mushe, don Allah in mun gama wannan fassara, tiyar gero za ta sauka?" Aka yi dariya, har da ni. Amma tambayar ta bi ni gida, kuma ita ce dalilin wannan rubutu. Shin ilimin da ba ya ƙosar da mai yunwa yana da wani haƙƙi a kanmu, mu malaman ƙasar da yunwa ba baƙuwarta ba ce? Kafin a yanke wa abu hukunci ya kamata a ji ta bakinsa, saboda haka bari in fara da abin da shafin ya ƙunsa, yadda muka fahimce shi bayan zama uku.

Abin da shafin ya ƙunsa

A ranar 8 ga Nuwamba 1895, a garin Würzburg na Jamus, Wilhelm Röntgen ya ci karo da wani haske da ido ba ya gani, wanda yake ratsa takarda da katako da tsokar mutum, amma ƙashi ya tare shi. Da yake bai san ko mene ne ba, sai ya laƙaba masa X, harafin da masu lissafi suke ba abin da ba a sani ba. Shi ne wanda a nan muke cewa an yi wa mutum radiyo a gidan likita. Wannan haske ɗan uwan hasken fitila ne, kuma kamar kowane haske, a ɗigo-ɗigo yake zuwa. Sai dai kowane ɗigo nasa ya fi na fitila ƙarfi sau dubbai.

Duk abin da muke taɓawa an gina shi ne da ƙwayoyin zarra, kuma kowace zarra tana da wani ɗan dunƙule a tsakiyarta inda kusan dukkan nauyinta yake. Faransawa suna kiransa noyau, kalmar da asalinta ƙwallon ɗan itace take nufi, kamar na mangwaro ko na goruba, don haka muka yarda mu ce ƙwallon zarra. Da zarrar ƙarfe za ta kumbura ta kai girman filin wasa, ƙwallonta ba zai wuce ƙwayar dawa ba. A cikin kowane ƙarfe, har da bakin hauyar da maƙerin garinmu ya ƙera, kusan zarra 2 cikin 100 suna da wani irin ƙwallo da ake kira ƙarfe-57. Wannan ƙwallo yana da tsirfa. Ba ya karɓar kowane haske sai ɗigon hasken X mai wani ƙarfi takamaimai, wanda masana suke aunawa 14,400 a ma'auninsu. In ya karɓa sai ya riƙe shi na ɗan lokaci, kashi 141 cikin miliyan dubu na daƙiƙa ɗaya, sannan ya sake shi. Tsananin zaɓensa kuwa ya kai a ce mutum yana auna nisan ƙasa da rana, kilomita miliyan 150, ya ƙi yarda da awon saboda ya gaza da tsawon ɗan yatsa.

A nan ne muka maƙale, domin shafin ya ce shekaru da yawa masana sun sha wahalar sa ƙwallo ɗaya ya karɓi hasken da ɗan uwansa ya saki, saboda mai sakin yakan ja da baya, ja da bayan kuma ya cinye wani abu daga ƙarfin hasken. Yarinyar da ta yi tambayar gero ita ta fid da mu. Ta ce ai kamar wanda ya yi tsalle ne daga kwalekwale a tafkinmu: jirgin zai zille baya, shi kuma ya faɗa ruwa bai kai gaɓa ba, da daga kan tudu ya yi tsallen, da ya kai. Malamin fizik ya ce wannan shi ne ainihin abin da Rudolf Mössbauer ya gano a Heidelberg, ya wallafa a 1958 yana ɗalibin digirin dakta: in ƙwallon yana kafe cikin daskararren abu, wani lokaci dukan abin ne yake ɗaukar turin, kamar tudu, hasken ya fita da ƙarfinsa cif. An ba shi kyautar Nobel a 1961 yana da shekara 32.

Saura kogo, wato abin da shafin ya kira cavité. Hasken X ba ya dawowa daga madubi yadda fuskarmu take dawowa, ratsa shi yake yi. Amma in ya zo a kwance ƙwarai, karkatarsa ba ta kai digiri ɗaya ba, sai ya zame ya tashi, kamar hasken rana bisa tafki gab da magariba, ko kamar tsakuwar da yara suke jefawa ta yi ta tsalle a kan ruwa. Masana sai suka shimfiɗa filatin, suka ɗora sinadarin gawayi, suka saka shimfiɗar ƙarfe-57 a tsakiya, suka rufe da wani filatin. Duka ginin sai an jera irinsa kamar dubu kafin ya kai kaurin silin gashi. Hasken da ya shiga yakan yi ta kai da kawo tsakanin madubin sama da na ƙasa, ya zama kamar tsirkiyar gurmi da aka kaɗa: akwai wuraren da take rawa ƙwarai, akwai wuraren da take tsaye cik. Shi kuwa hasken ana samo shi ne daga wasu manyan injuna masu siffar zobe, irin na ESRF a Grenoble ta Faransa, mai kewayen mita 844.

A 2010 Ralf Röhlsberger, na cibiyar DESY a Hamburg, da abokan aikinsa suka bayyana abin da suka gani a Grenoble. Ɗigon haske guda ɗaya tak yakan shiga kogon, amma ba a iya nuna ƙwallon da ya karɓe shi. Ba wai ma'aunin ne ya gaza ba. A ƙa'idar kimiyyar kwantum, dukan ƙwallayen ne suka yi tarayya a karɓar ɗigon nan ɗaya. Sakamakon haka suna sakinsa tare, da saurin da ya ninka na ƙwallo ɗaya sau gommai, abin da Robert Dicke na Amurka ya yi hasashe tun 1954, har launin hasken ma yakan ɗan gusa saboda taron. A 2012 suka saka shimfiɗar ƙarfe biyu, ɗaya inda haske yake rawa, ɗaya inda yake tsaye, sai ƙarfen ya daina tare hasken nan da ya saba haɗiyewa, ya zamar masa kamar gilashi. A 2015 kuma Kilian Heeg da Jörg Evers na Heidelberg, tare da abokansu, suka rage gudun tafiyar hasken X a irin wannan kogo har sau dubu goma.

Tarkon wa'azi

Da muka kai nan, wani dattijon malami a cikinmu ya ce: "Kun gani ko? Zarra ma ta san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka." Maganar ta yi daɗi, kuma ita ce hanya mafi sauƙi ta ba wannan ilimi amfani: a mai da shi tatsuniya mai darasi, a ce ga gayya, ga luguden mata a turmi ɗaya. Ni dai ina ganin tarko ne. Ƙwallayen suna amsawa da murya ɗaya ne saboda ba su da bambanci ko kaɗan, kuma ba su da zaɓi. Gayya kuwa darajarta tana ga cewa kowa yana iya zama a gida amma ya fito. Taron da babu mai iya cewa a'a a cikinsa, wanda in ya aikata abu ba a iya nuna wanda ya yi, mu ƴan Adam mun san shi, kuma sau da yawa shi ne taron da yake dukan wanda ake zargi da sata a kasuwa kafin a bincika. Misalin lugude yana taimaka wa yaro ya gane yadda abin yake aiki, amma ƙarfe ba malamin tarbiyya ba ne. In wannan ilimi yana da haƙƙi a kanmu, sai mu nemo shi ta wata ƙofa.

Hujjar mai tambaya

Kada mu raina tambayar yarinyar, domin gaskiyar da ke bayanta ta fi ƙarfin dariya. Jihar Maraɗi tana cikin inda yunwar 2005 ta fi tsanani. A watan Nuwamba 2021 gobara ta tashi a azuzuwan zana a birnin Maraɗi, yara fiye da ashirin suka rasu. A ƙauyukan gundumarmu da ke bakin iyaka, ɓarayin shanu da masu satar mutane sun hana wasu manoma kwana da ido biyu rufe. Malamin da yake da ɗalibai masu yawa da littattafai kaɗan, in ya ba wani abu sa'a ɗaya, wani abu ne ya hana wa. Mai wannan ra'ayi zai ce: koyar da takin zamani da tsabtar ruwa da lissafin kasuwa, ka bar wa masu ƙoshi wasa da madubi. Ba jahili ba ne mai faɗin haka, sau da yawa ma shi ne ya fi kowa tausayin yaran.

Amsar da aka saba bayarwa ita ce amfani yana zuwa daga baya. Röntgen ba likita ba ne, ba kuma karaya yake nema ba, amma cikin watanni likitoci suka fara duba ƙashi da haskensa, shi kuma ya ƙi mallake abin da ya gano don kowa ya amfana. Da ƙarfe-57 ne Robert Pound da Glen Rebka suka tabbatar a 1960, a wata hasumiya mai mita 22 da rabi a jami'ar Harvard, cewa jan ƙasa yana sauya launin haske yadda Einstein ya faɗa. Da wannan ƙa'ida ake gyara agogon taurarin ɗan Adam da suke nuna wa wayar salula hanya. A 2004 na'urar Mössbauer da ke jikin motar bincike Opportunity ta gano a duniyar Mars wani ma'adini da ba ya samuwa sai inda aka yi ruwa.

Duk wannan gaskiya ne, amma ban gamsu da shi ba a matsayin amsa. Da fari, alkawari ne da babu mai iya sa masa rana. Babu malamin da zai rantse cewa kogon Hamburg zai taɓa shafar farashin hatsi a kasuwar Ɗan Isa. Na biyu, amfanin da yake zuwa daga baya ba kullum alheri ba ne: binciken da ya kai ga fasa ƙwallon yuraniyom a Berlin a 1938, shi ne ya kai ga Hiroshima a 1945. Na uku, wanda ya fi damuna, amsar ta riga ta yarda cewa ciki ne alƙalin ilimi, roƙonsa kawai take ya ɗaga shari'ar zuwa gaba.

Ɗan dako da mai kaya

Akwai amsa ta biyu da ta fi kusa da gida. Tun 1971 ake haƙo yuraniyom a Arlit. Mahaƙar Akuta ta yi aiki daga 1978 har aka rufe ta a 2021. Fiye da rabin ƙarni ke nan ƙwallon zarrar ƙasarmu yana kunna fitilun wasu ƙasashe, alhali mafi yawanmu ba mu da ko sunan da za mu kira shi da shi a harshen da muke mafarki da shi. Haƙiƙa aikin tashar nukiliya da na kogon madubi ba ɗaya ba ne: can fasa ƙwallon ake yi, nan kuwa ƙwanƙwasa masa ƙofa kawai ake yi a saurari amsarsa. Amma ilimin gida ɗaya ne. Ɗan dako yana iya sanin nauyin buhu fiye da mai shi, sai dai bai san abin da ke ciki ba, don haka ba shi ke yanke farashi ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ɗan jiharmu ya riga mu ganin wannan. Abdu Mumuni Dioffo, wanda aka haifa a Tasawa a 1929, ya ci jarrabawar agrégation ta fizik a Faransa a 1956, ya shugabanci ma'aikatar makamashin rana ta ONERSOL daga 1969, kuma jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa tun 1992, shekara guda bayan rasuwarsa. Ana iya kafa hujja da shi a ce ai ga shi ya zaɓi abin da ke da amfani, tukunyar dafa abinci da ta ɗumama ruwa da rana. To, amma da me ya kai ga tukunyar? Da sanin dokokin haske ne, irin waɗanda da aka tambaye shi yana ɗalibi ko za su sauke tiyar gero, da ba shi da amsa. Kuma shi ne a littafinsa L'Éducation en Afrique na 1964 ya yi kira da a koyar da yaran Afirka da harsunansu. A 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗora wa Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar. In harshen nan ya tsaya ga gaisuwa da tallar siyasa da faɗakarwar allurar rigakafi, ya bar wa Faransanci da Ingilishi duk wani tunani mai wuya, to rawani kawai aka naɗa masa.

Haƙƙin mamaki

Sai dai ko wannan amsa ba ta kai ƙarshen abin da ke raina ba, domin har yanzu lissafin riba ne, na ƙasa maimakon na ciki. Abin da na gani da idona ya fi shi sauƙi. Lokacin da yarinyar nan ta kawo misalin kwalekwale, malamin fizik ya ce mata daidai ne, fuskarta ta sauya. Ba ta samu ko dala ba. Abin da ta samu shi ne sanin cewa abin da take gani kullum a bakin tafki, da abin da ya ba wani Bajamushe kyautar Nobel, doka ɗaya ce take riƙe da su, kuma kanta yana iya ɗaukar dokar. Masu hikimar Girka na dā sun ɗauki mamaki a matsayin mafarin falsafa, mu ma ba baƙinsa ba ne: manomin da ya karanta damina a fitowar Kaza da ƴaƴanta, da kakar da ta ƙirƙiro dalilin da ya sa kura take ɗingishi, ba yunwa kaɗai suke amsa wa ba.

Wanda ya ce a ba ɗan talaka abin da zai amfane shi kawai, da kyakkyawar niyya yake magana, amma ya raba ƴan Adam gida biyu ba tare da ya sani ba: masu izinin tambayar yadda duniya take, da waɗanda aka yanke wa tambayar abin da za a ci. Makarantar zamanin mulkin mallaka ma da ma'aunin amfani aka gina ta, amfanin samar da tafinta da magatakarda. Ba zai yi kyau ba mu ɗauki ma'aunin nan da hannunmu mu ci gaba da auna wa ƴaƴanmu, don kawai yanzu tausayi ne dalilinmu. Talauci ya riga ya ƙwace wa yaron Madarunfa abubuwa da yawa, kuma ba na son malaminsa ya taya shi ƙwace wannan.

Ban ce a bar gina aji a sayi zoben haske ba. Wanda yake riƙe da baitulmali dole ya sa rufin aji da rijiya a gaba, kuma in ya yi haka ya yi daidai. Irin wannan inji ba aikin ƙasa ɗaya matalauciya ba ne: ƙasashen Gabas ta Tsakiya sai da suka haɗa kai suka buɗe nasu, SESAME, a Jodan a 2017, masanan Afirka kuma suka yi babban taronsu na farko kan neman na nahiyarmu a Grenoble a 2015. Amma ranar da za a nemi waɗanda za su yi aiki a irin wannan wuri, daga cikin yaran da aka taɓa bari suka yi mamaki za a samo su. Rabonmu a wannan aiki ba ya cin kuɗi: alli ne, da yammacin Laraba, da haƙurin zama da malamin fizik har a sami kalma.

Saboda haka ina kira ga ƴan uwa malamai da ƙungiyoyin raya al'adu, daga Maraɗi zuwa Damagaram da Tawa: ko sau ɗaya a zangon karatu, a ɗauki shafi mafi wuya da aka samu, a zauna da malamin kimiyya da maƙeri ko masunci, a mai da shi Hausa, a aiko wa wannan mujalla don a tace kalmomin tare. Wataƙila wani ya fi mu dacewa da kalma. Ni kaina har yanzu ban gamsu da kogo ba, tunda kogo ba shi da madubi.

Game da ɗalibata kuwa, a zama na uku na ce mata: "Ɗiyata, gaskiyarki, wannan ba zai sauke tiyar gero ba, bana ko baɗi." Ta ce ta sani. Sannan ta tambayi malamin fizik, in ɗigon haske ɗaya ne ya shiga, kuma ƙwallaye da yawa ne suka karɓe shi, to yanka shi suka yi ko kuwa? Ya ce ba ya yankuwa. Ta ce to yaya aka yi? Aka kira sallar magariba ba su gama ba, muka ɗage sauran zuwa Laraba mai zuwa.